Baba, Mai Auna Cikin Bindiga

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya cika ranar Talata da hantsi, ana dab da yankan gero, kansa a kan cinyata. Ni ce autarsa, ni na yi jinyarsa, kuma ni kaɗai na rage a gidanmu na bakin kasuwar Tambuwal da zan iya faɗin yadda yake. Abin da ya sa na buɗe baki, tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba na fara jin ana cewa, "Allah ya ji ƙan tsohon maƙerin nan mai faɗa." Faɗa kam ya yi, ba zan wanke shi ba. Amma duk wanda ya ce mai faɗa ya yi shiru, wallahi bai san Baba ba.

Maƙwabcinmu ne ya shigo da kara zai auna gawar don masu haƙa kabari. Ya durƙusa ya ɗora karan, sai ya ɗaga kai ya ce, "Yau ni ka auna wanga bawan Allah? Da shina gani da ya ce ban iya ba." Wasu suka yi 'yar dariya, dariyar ta koma kuka. Gwaggo, ƙanwar Baba, tana jingine da rumbu ba ko hawaye, sai maimaitawa take, "Baki ya huta, baki ya huta." Baffa kuwa, ƙanensa da suka tashi maƙera ɗaya, ya zauna a zaure ya rufe fuska da rawani, ko gaisuwa ba ya amsawa. Maharba suka yi ta zuwa daga Dogon Daji da ƙauyukan gefen fadama. Ta kafar zana nake hango su suna miƙa hannu, wannan ba babban yatsa, wancan ido ɗaya. Wani tsoho a cikinsu ya ce da ƙarfi, "Ya zage ni, ya zagi ubana, amma shi ya bar min wanga hannu."

Mutum ɗaya ne ba a gani ba, ɗana na fari, jikan Baba, da ke Kebbe wurin dangin ubansa. Kebbe da nisa, ba wanda ya sa ran zai riski jana'iza. Amma matan da ke zaune da ni sai satar kallona suke, don kowa ya san ba nisa kaɗai ke tsakaninsu ba. Akwai bindiga mai baki biyu a hannun yaron nan, wadda ta kashe ubansa, wadda Baba ya mutu yana neman raba shi da ita. Ina amsa gaisuwa da baki, hankalina duk yana kan bindigar.

Baba maƙeri ne ɗan maƙeri. Fartanya, lauje, gatari, linzami, ba abin da ba ya ƙerawa. Gyaran bindiga ya koyo shi da ƙuruciya, lokacin da ya bi fatake ƙasar Nufe ya yi 'yan shekaru a can. Bindigoginmu na nan irin na ɗuri ne: a zuba albarushi ta baki, a bi da tsumma, a zuba dalma, a danna da sanda. Maharbi da yatsu yake auna ɗurinsa a jikin sandar, kuma a wurinsu wanda ya fi yawan yatsu shi ne namiji. Daga baya fatake suka fara shigowa da wasu tsofaffin bindigogin Nasara, waɗanda suka sha hannu kafin su iso gare mu, masu baki biyu, ana karya su a ƙugu a zura harsashi ta baya. Harsashin a ƙunshe yake cikin kwanson takarda mai gindin tagulla, bakinsa a naɗe. Ba su da yawa, duk ƙasar nan an san masu su. Masifar ita ce, bindiga ta zo da wannan ayari, harsashi ya zo da wancan, ba wanda ya san wanne ne na wacce.

Wurin da harsashi ke zama a cikin bututun, Baba makwanci yake ce masa. Ya ce kowace bindiga da tsawon makwancinta, kuma daga inda ya ƙare bututun ke tsukewa. Yana da wani guntun icen kanya da ya fere daidai kaurin harsashi, ya sha hannu har yana sheƙi. In an kawo bindiga sai ya wanke hannu, ya karya ta, ya goge cikin da tsumma, ya zura icen a hankali, idonsa a rufe. Ba ya son motsi a lokacin, ko akuya ce ta yi kuka sai ta sha zagi. Inda icen ya cije sai ya dafe da farce, ya zaro, ya zana da wuƙa. Sannan ya ce, "Ba ni kwanso." In mai bindiga ya miƙo sabon harsashi sai ya ture hannun. "Wanda anka harba nika nema."

To nan ne mutane suka kasa ganewa. Sabon harsashi bakinsa a naɗe yake, ko dogo ne zai shige gajeren makwanci lafiya lau, bindiga ta rufe kamar ba komai. Sai an harba naɗin ke warwarewa ya miƙe. In bai sami wuri ba sai ya toshe matsatsin, wuta ta rasa hanya ta nemi fita ta jikin ƙarfe. Ƙarfen bindigogin nan kuwa murɗaɗɗe ne kamar igiya, ga tsufa ga tsatsa. Baba kan ce, "Ba a auna kabari mutum shina zaune. Sai ya miƙe." In kwanson ya wuce zanen da ya yi, sai ya kwance harsasan mutum ɗaya bayan ɗaya, ya rage albarushi, ya datse takardar, ya sake naɗewa. Maharba ba sa son haka ko kaɗan. Wai ya mai da musu harsashin ɓauna na zabi.

Akwai wani bawan gidan sarauta da bindigar ɗuri ta cinye wa yatsun dama, aka tura shi gona alhali ba ya iya riƙe ƙota. Baba ya gan shi a kasuwa yana ɗaukar abu da haƙori. Ya kama dungun hannun ya juya ya duba, ya sake shi. Ya bar aikin mutane ya zauna ya ƙera masa fartanya mai zobe da maɗaurin fata, wadda ake ɗaurawa a damtse. Sai da ya sake ta ya kuma sakewa kafin ta daina ci masa fata. Ranar da ta zauna daidai mutumin ya zube yana godiya yana hawaye, Baba ya ce, "Tashi ka ba ni wuri, ka tare min haske." Mutumin yana cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Amma fa Baban da na tashi na sani ba mai faɗa ba ne. Mutum ne mai kunya, mai kawaici, in yana magana da babba ƙasa yake kallo. Yadda aka yi ya sauya shi ne abin da nake so a sani.

Na auri maharbi ɗan Kebbe, ina so yana so. Tsakaninsa da Baba kunya ce irin ta surukai ta sosai. Ba su taɓa sa hannu ƙwarya ɗaya ba. In mijina ya hango Baba a hanya sai ya tuɓe takalmi ya ratse ya durƙusa, Baba ya kau da kai ya amsa yana kallon wani wuri. In akwai magana sai ta bi ta bakin Baffa. Mutane har misali suke yi da su. Da na haihu aka yi yadda aka saba, ana yaye yaron kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yi masa magana ido da ido ba. In dole ta kama sai in ce da wata, "Ki ce wa wancan ya zo ya ci tuwo." Haka na ga iyayenmu na yi, ban kuma taɓa jin an ce laifi ne ba. Waɗanda na haifa bayansa ba su yi rai ba, shi kaɗai Allah ya bar min.

Yaron ya fara tasawa ke nan ubansa ya rabu da shanunsa ya karɓi mai baki biyu a hannun wani bafatake, da jaka guda ta harsashi. Na yi ƙorafi, ya ce mata ba su san bindiga ba. Kunamarta ɗaya tana rawa, sai ya ɗauke ta ranar kasuwa ya kai Tambuwal. Bai shiga maƙera ba, ina zai shiga surukinsa na ciki? Ya damƙa wa Baffa a zaure ya wuce kasuwa. Baba ya gyara kunamar, ya zura icensa, ya zaro, ya gwada da wani harbabben kwanso da ke cikin jakar. Kwanson ya wuce zane da kusan faɗin yatsa.

Ya kira Baffa ya ce, "Ka gaya mishi waɗanga harsasai ba na wagga bindiga ba na. In ya harba su za ta fashe. Ya bar min su in datse."

Baffa mutum ne mai laushin baki, ko kaza ba ya iya kora da tsawa. Da mijina ya dawo, ga abokansa maharba sun kewaye shi suna shafa bindigar suna yabo. Ta yaya zai dubi suruki a gaban jama'a ya ce ka ba da shanunka ka sayo ajali? Sai ya ce, "Tsoho ya ce a riƙa lallaɓa ta, ta tsufa." Mijina ya durƙusa ya ce, "To, madalla. A yi min godiya."

Baba yana cikin maƙera yana hango su ta ƙofa. Ya ga an rataya bindiga, ya ga jakar harsasai ta bi bayanta, ya san saƙo bai isa ba. Shi da bakinsa ya ba ni wannan labarin daga baya. Ya ce ya ajiye awartaki ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, sai ƙafarsa ta tsaya. Ya ƙwala wa surukinsa kira a tsakiyar kasuwa? Ya bi shi ya riƙe masa riga? Me mutane za su ce? Ya ce a ransa bari kasuwa ta zagayo, zai sake aikawa. Yana tsaye har mijina ya sha kwana.

Kasuwa ba ta zagayo ba. Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, aka shigo min da mijina a kan jaki, mutum biyu na riƙe da shi. Bakin hagu ne ya tsage daga gindi. Hannunsa na hagu ba kyan gani, wani ɓallin ƙarfe kuma ya shige ƙasan idonsa ya zauna. Wanzami ya yi iya yinsa, ya tona ya tona bai same shi ba. Fuskar ta kumbura har ban gane shi ba, ɗakin ya ɗauki wari, ina zaune da mafici ina korar ƙuda. Ya yi 'yan kwanaki a haka. Ranar da zai cika hankalinsa ya ɗan dawo, ya ce da ƙanensa, "In kun tafi Tambuwal ku gai da tsoho. Ku ce mishi wallahi na lallaɓa ta."

Wannan saƙon kam ya isa da kyau, ba a rage ko kalma ba. Baba ya zo gaisuwa Kebbe, aka gaya masa a gaban mutane. Aka ce ya tashi bai yi sallama da kowa ba, ya kama hanyar gida a ƙasa. Damina guda bai yi wa Baffa magana ba, suna maƙera ɗaya, wannan na zuga wancan na duka. Ran nan sai Baba ya ce masa, "Ba laifinka ba na. Bakina ya fi naka kusa." Daga nan ba su sake tada zancen ba, amma Baffa bai ƙara ɗaukar saƙon kowa ba har yau.

To daga wannan shekarar ce Baban da kuka sani ya fito. Ya tuɓe kunya ya ajiye. In ayari ya sauka sai ya bar wuta na ci ya tafi zango, ya tsaya kan mai sayar da harsashi. "Na wace bindiga na? Ka auna?" Bafatake ya ce, "Tsoho, ni ɗan kasuwa ne, in ya shiga ai shi ke nan." Baba ya ce, "Ubanka ma ya shiga rami, ya fito?" Sai an zo an raba. In aka kawo masa mai baki biyu ba ya bayarwa sai an zube masa harsasan gabansa duka. Dattijo ne, mai sarauta ne, sirikin wani ne, ba ruwansa, ido cikin ido zai ce, "Wagga za ta kashe ka." Wasu suka daina zuwa, wasu suka ce taɓin hankali ne. Ni da na gama takaba na dawo gabansa, na sake aure bai yi tsawo ba, na kuma dawowa. Sau da yawa na kai masa tuwo na tarar ya zura wa wuta ido, ƙarfe ya yi ja ya huce bai taɓa shi ba.

Bindigar kuwa, ƙannen mijina da kansu suka kawo ta, wai a yanke bakin da ya tsage a bar wa maraya na dama. Baba ya karɓa, ya soke ta a jinkar maƙera, ya ce ba ya gyarawa ba ya kuma bayarwa. Ya ce bakunan nan tagwaye ne, wuta ɗaya ta haɗa su, abin da ya tsaga ɗaya ya taɓa ɗayan. Aka yi aike, aka yi ban baki, ya ƙi. Sai magana ta bazu daga Kebbe har Tambuwal cewa maƙeri ya ci dukiyar maraya. Mutumin da ko allurar wani bai taɓa riƙewa ba! Na ji zafin maganar nan har cikin ƙashina, shi kuwa ko a jikinsa. Shekara da shekaru tana nan soke, hayaƙi ya mai da ita baƙa ƙirin.

Yaron ya girma a Kebbe, ya yi aure, ya zama maharbi, kamarsa ɗaya da ubansa har tafiyar. Da, in ya zo Tambuwal, shi da Baba sai wasan jika da kaka. Baba ya ce, "Ga ragon maharbi, wanda kurege ya kora." Shi kuma ya ce, "Tsoho, yaushe za ka mutu in gaji masaba?" Ni ina daga ɗaki ina jin su, in ya shigo gaishe ni in juya baya in amsa a taƙaice. Da ranin nan da ya wuce ya zo ba da wasa ba, shi da ƙanen ubansa. Ina bayan zana ina sheƙar gero, duk abin da aka faɗa a kunnena.

"Kaka, na zo karɓar bindigar ubana."

"Aboki, zauna. In ƙera maka ta ɗuri, wadda babu irinta ƙasar ga."

"Ta ubana nika so."

"To in ba ka, da sharaɗi. Duk harsashin da kas samu ka kawo in datse."

Yaron ya yi dariya. "In tari ɓauna da harsashin zabi? Ka tsufa, Kaka, tsoro ya kama ka. Na gwada irinsu ga bindigar wani, suna shiga lafiya."

"Na ubanka ma sun shiga!"

Tsawar da ya yi sai da kaji suka watse. Ƙanen mijina ya ce tunda abin ya zama haka, sai a hau gaban alƙali. Aka hau. Alƙali ya saurari kowa, ya ce shi bai san cikin bindiga ba, abin da ya sani dukiyar maraya in ya balaga ana miƙa masa. Ban ga laifinsa ba, hukuncin ke nan. Baba ya ce ya ji ya bi, amma a ba shi dama ya nuna wa yaron abu ɗaya.

Aka fita bayan ganuwa, gari ya biyo su. Ni ban je ba, Gwaggo ce ta ba ni labari tana huci. Baba ya ɗaure bindigar a jikin tsamiya, ya sa dogon harsashi a bakin dama, ya ɗaura igiya a kunama, ya kori mutane baya, ya ja. Ta tashi da ƙara, hayaƙi ya washe, bindiga lafiya lau. Ya sake sa wani ya ja. Lafiya lau. Sai dariya ta ɓarke. Wani ya ce, "Tsoho, ko tsamiyar za ka auna?" Baba ya je ya rufe ido ya bi bututun da yatsa, ya ce ga kumburi nan ya fara, kowa ya zo ya taɓa. Aka taɓa, ba wanda ya ji komai. Ya ce, "Ba rana ɗaya taka fashewa ba. Tana tarawa." Ba mai saurarensa. Yaron ya kwance abarsa ya rataya, ya kama hanyar Kebbe, ko sallama bai shigo ya yi ba.

Tun daga ranar ban ƙara barci mai daɗi ba. Duk baƙon da ya yi sallama daga wajen Kebbe sai gabana ya faɗi. Baba kuwa ya rage ci, ya rage magana, faɗan ma ya daina, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Da damina ta yi nisa muka ji an kai sababbin harsasai Kebbe. Da sassafe na ga ya ɗauki sanda da icen awonsa. Na ce, "Baba, da wace ƙafa?" Ya ce, "Da wadda ta tsaya bakin ƙofa." Ya tafi. Aka ce ya zauna a ƙofar gidan surukansa, gidan da bai taɓa tsayawa ba sai ranar gaisuwa, yana kiran jikansa da ƙarfi mutane na kallo. Yaron ya fito ya ce, "Kaka, ka biyo ni da wasanka har gida?" Ya sa aka kawo masa fura, shi kuma ya zame ta baya ya shige daji. A hanyar dawowa ruwa ya kama Baba a fili. Ya iso gida ƙirjinsa na kuka, bai sake tashi ba.

Ana gobe zai rasu, da rana tsaka, ina ba shi kunu ya ture ludayin ya riƙe hannuna.

"Auta, kunya tac ci mijinki, ina tsaye ina kallo. Na buɗe baki daga baya, amma ni kaka na, duk abin da nic ce wasa na gare shi. Ke ba ki taɓa ce mishi komi ba."

Na ce, "Haba Baba, ɗan fari na fa. Da wane ido?"

Ya sake hannuna ya juya fuska bango. "To ki yi shiru. Ki tanadi likkafani."

Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan. Ban yi masa alkawari ba, bai kuma nema ba.

Ranar sadakar uku maharban Kebbe suka iso, ɗana a cikinsu, bindigar na rataye a kafaɗarsa. Ya zauna a zaure aka yi addu'a, ya aiko Gwaggo ta ce min wai ya ce in yi haƙuri. Na ce ta ce masa na gode. Da aka shafa fatiha sai babban maharba ya ce mutumin da ya yi musu gyaran bindiga tsawon rayuwarsa ba za su tafi ba su sallame shi da wuta ba. Liman ya ce wannan ba ya cikin addini, suka ce sau ɗaya ne, a yi musu haƙuri. Suka fita filin ƙofar gida suka jeru.

Ina cikin mata a tsakar gida, ina jin sanduna na danna albarushi. Sai na ji wani ƙaran daban, ƙaran ƙarfe in an karya mai baki biyu, sannan ƙaran rufewarta. Na girma da wannan ƙaran, ba zan ɓata shi ba. Ban san lokacin da na miƙe ba. Gwaggo ta cafki zanena na fizge. Na ratsa zaure cike da maza, ina tsallake ƙafafun malamai, ba takalmi, mayafi a hannu. Na fito fili na gan shi ya kafa gindinta a kafaɗa, ya kwantar da kunci a kan ƙarfen, daidai inda na ubansa ya kwanta.

Na kira sunansa. Sunan yanka, cikakke, da iyakar muryata.

Wata tsohuwa a bayana ta ce, "La ilaha illallahu!" Ƙanen mijina ya ce, "Subhanallahi, ɗan fari fa!" Ban dube su ba. Na taka har gabansa, rabona da ganin fuskarsa kusa haka tun yana shan nono. Na ce, "Aje ta. Ni na wanke jinin ubanka da hannuna. Ba ni wanke naka. Aje ta, na ce."

Ya sauke ta a hankali, yana kallona kamar bai taɓa ganina ba. Ƙato da gemunsa, a gaban abokan farautarsa, hawaye suka zubo masa.

Ya ce, "Inna, ashe kin san sunana?"

Ya karya ta ya zare harsashin, ya durƙusa ya ajiye su a ƙafata. Ba wanda ya harba komai ran nan, maharba suka watse ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauke ta da kaina na shige gida, kuma ba za ta sake fita da lafiyarta ba.

Yanzu haka daga nan har Kebbe ana ba da labarina, wai 'yar maƙeri ta zubar da kunya a gaban malamai, wai gado ta yi. Wasu matan sun daina shigowa ɗakina. Na ji, na ɗauka. Ɗana yana da idonsa biyu da hannunsa biyu. Abin da ke ci min rai ɗaya ne, Baba bai gani ba. Ya juya min fuska bango ya tafi, yana zaton duk faɗan da ya yi ya tashi a banza.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo. Ka yafe masa shirun da ya yi rana ɗaya, ka karɓi faɗan da ya yi sauran ransa, ka ji ƙansa. Wanda duk ya ji wannan, in yana da yatsun da zai ɗaga, ya ɗaga ya ce amin.